Wace Bindiga Ce Ta Dace Da Gwanki, Wacce Kuma Ta Dace Da Ɓauna?

Hausawan Legas ba su baro farauta a gida ba da suka taho. A Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago akwai 'ya'yan maharba da jikokinsu. Wasu na komawa Arewa da rani su shiga daji, wasu na gadin kasuwa da dare, 'yan kaɗan kuma da Allah ya buɗa wa sun fara biyan kuɗi suna zuwa farauta Afirka ta Kudu, Namibiya ko arewacin Kamaru. Duk inda zancen bindiga ya taso a tsakaninsu, tambayar da ke riga kowacce fitowa ita ce: wacce ta fi ƙarfi? Ni a ganina wannan tambayar ta jawo asarar dabbobi da kuɗi masu yawa, wani lokaci har da rai. Aikin bindigar farautar babbar dabba shi ne ta kashe da harbi guda cikin 'yan daƙiƙoƙi, kada dabba ta gudu da rauni ta je ta mutu a wahale bayan kwana uku. Wanda ya riƙe wannan zai ga cewa ƙarfi ɗan yanki ne kawai na maganar, kuma a Najeriya doka ce ke fara yi wa mutum zaɓi tun kafin ya buɗe baki.

Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu da ita ake aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa: bindigogin yaƙi, masu sarrafa kansu, da ƙananan bindigogin hannu. Kashi na biyu su ne waɗanda Sufeto-Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu, wato bindigar tsuntsaye mai baki ɗaya ko biyu, raifil ɗin farauta da bindigar iska. Na uku su ne bindigogin toka da ake ɗurawa ta baki, lasisinsu yana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Abin da yawancin masu sha'awar raifil ba su sani ba shi ne dokar ta ambaci kaliba huɗu ta ce na soja ne: milimita 7.62, milimita 9, inci .300 da inci .303. Kaliba dai shi ne faɗin ramin bututun bindiga. To, .308 Winchester da .30-06 Springfield da .300 Winchester Magnum, waɗanda su ne maharban Amurka da Afirka ta Kudu suka fi yabawa, dukkansu faɗin raminsu inci .300 ne, wato milimita 7.62. Ɗan Najeriya da ya karanta yabonsu a intanet ya ƙwallafa rai a kansu, bindigar da doka ta ajiye a layin kayan soja yake nema. Waɗanda suka kuɓuta daga wannan layi su ne irin su .243, .270, 7x57, 7x64, 9.3x62 da .375. Ita ma mai famfo da ake kira fam-akshan, wadda ta cika hannun 'yan banga, ba ta cikin kashi na biyu, domin dokar ta cire duk bindigar tsuntsaye mai na'urar ɗura kanta. Ƙari a kan haka, a watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto-Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Riƙe bindiga babu takarda kuwa laifi ne da zai iya kai mutum shekara goma a gidan yari.

Ba wanda zai yi wannan magana a Kudu ya manta da Uromi. A watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 'yan Arewa a can Jihar Edo, suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano hutun Sallah, bayan an ga bindigogin toka a motarsu. Kisan zalunci ne, babu takardar da rashinta zai halasta shi. Amma ya nuna mana cewa Bahaushe mai bindiga a wannan yanki yana tafe ne da zargi a kansa, don haka lasisi, katin ƙungiyar maharba da sanar da 'yan sanda kafin tafiya suna cikin kayan farauta kamar yadda harsashi yake.

Sai a tambaya, wace babbar dabba ce ma ta rage da doka ta yarda a harba? A Legas babu. Abin da ke zuwa kasuwar Oluwo ta Epe gada ne, gyazbi, mazo da makamantansu. Giwayen da suka saura a dajin Omo na Jihar Ogun da na Yankari, da 'yan zakunan Kainji, duk doka ta kare su, kuma farauta haramun ce a gandun daji na ƙasa irin su Gashaka-Gumti, Kamuku da Old Oyo. Na yarda da wannan kariya ɗari bisa ɗari. Wanda ke son ɓauna ko gwanki ta halastacciyar hanya, mafi kusa da shi su ne yankunan farauta da ke kewaye da Benuwe, Faro da Bouba Ndjida a arewacin Kamaru, ta Garwa ake shiga, sai kuma Namibiya, Zimbabuwe, Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Kenya ta rufe tata tun 1977.

Waɗannan ƙasashe ba su bar zaɓin bindiga ga son rai ba, kuma a nan ne nake ganin akwai abin koyi. Namibiya ta auna ƙarfin harsashi a bakin bindiga da ma'aunin jul: 1,350 ga ƙananan dabbobi irin gada, 2,700 ga matsakaita irin kanki, 5,400 ga ɓauna da giwa. Zimbabuwe ta sa jul 5,300 da faɗin milimita 9.2 ga ɓauna, giwa da dorina. Tanzaniya ta ce .375 ne mafi ƙanƙanta ga dabbobi masu haɗari. Da waɗannan lambobi mutum zai iya zama ya yi lissafinsa.

Gada ba ta cika wuce kilo 20 ba, mariya da mazo suna ƙasa da kilo 100. Ga waɗannan .243 Winchester da ƙwaya (kan harsashin da ke fita daga bindiga) mai nauyin giren 100, wato giram 6.5, ta isa, kuma turin da take yi wa kafaɗa kaɗan ne. Amma kada a kai ta kan gwanki. Namijin gwanki yana kai wa kilo 250 zuwa 300, ƙashin kafaɗarsa mai kauri ne, ƙaramar ƙwaya mai gudu tana iya tarwatsewa a kansa ba ta isa huhu ba. Ga kanki, gwambaza da gwanki, zaɓina shi ne dangin milimita 7. Tsohuwar 7x57 Mauser, wadda aka ƙera tun 1892, tana jefa ƙwaya mai giren 175 da ƙarfin da ya ɗan haura jul 3,000. Ba ta da gudun da zai burge mai karanta kwali, sai dai ƙwayarta doguwa ce mai nauyi idan aka gwada da faɗinta, shi ya sa take ratsawa da nisa. 7x64 da .270 Winchester mai giren 150 suna ajinta, sun kuma ɗan fi ta miƙewa a fili mai nisa. Wanda zai ari bindiga a sansanin farauta a waje, inda dokarmu ba ta shafe shi ba, .30-06 da giren 180 zai fi samu: gudunta kusan mita 820 a daƙiƙa, ƙarfinta kusan jul 3,900, kuma ba ta da abin kushewa.

Ɓauna kuwa wata duniya ce. Fatarta kauri, haƙarƙarinta faɗi ne da shi har yana hawa juna, kuma idan ta ji rauni takan shiga duhuwa ta tsaya tana jiran mai bin sawunta. A nan .375 H&H Magnum, wadda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912, ita ce ma'auni. Tana jefa giren 300, wato giram 19.4, da gudun kusan mita 770 a daƙiƙa, ƙarfinta kusan jul 5,800. Ta wuce sharaɗin kowace ƙasa da na ambata, harsashinta na samuwa a kusan kowane sansani, kuma mutum mai matsakaicin jiki zai iya koyon harba ta. 9.3x62 ta Otto Bock, ta 1905, ta fi ta daɗin kafaɗa kuma ta kashe ɓauna ba adadi a hannun manoman Afirka, amma ɗurinta na yau da kullum, giren 286, yana tsayawa wajen jul 4,800, ƙasa da sharaɗin Namibiya. Sai a bincika dokar ƙasar da za a je tun kafin a biya kuɗi. Su .416 Rigby da .458 na ƙwararren maharbin da ke tsaye a bayan baƙo ne, wanda aikinsa tsayar da dabbar da ta taso a mita goma. Baƙo ba ya bukatarsu.

Dalilin da ya sa na dage a kan haka shi ne turin baya. Bindiga .30-06 mai nauyin kilo 3.6 tana dukan kafaɗa da kusan jul 27. .375 ta kusa ninka wannan, .416 Rigby ta kusa ninka shi uku. Jiki ba ya manta duka. Bayan harbi goma da bindigar da ta fi ƙarfin mutum, sai ya fara runtse ido yana fizgar kunama tun kafin ta tashi, shi kansa bai sani ba. Bakin bindiga ya sunkuya, ƙwayar da aka nufa da ƙirji ta sauka a ƙafa ko a tumbi. Hanyar gano wannan cuta mai sauƙi ce: abokinka ya ɗura maka bindiga a bayan idonka, wani lokaci da harsashi, wani lokaci babu. Idan ka ja kunama a kan fanko ka ga bindiga ta yi tsalle a hannunka, ka kamu. Maganinta komawa ƙaramar bindiga, toshe kunne da kyau, da yawan jan kunama a kan fanko bayan an tabbatar babu komai a ciki. Gwajin da nake ganin ya kamata kowa ya ci kafin ya ɗaga bindiga kan dabba shi ne ya sa harbi biyar a jere cikin farantin takarda mai faɗin santimita 20 daga mita 100, yana tsaye, bindiga a kan sanduna uku, domin haka ake harbi a dajin Afirka inda ciyawa ke hana kwanciya. Wanda ya iya wannan da 7x57 ya fi wanda ya kasa da .375 cancantar shiga daji.

Bayan kafaɗa sai ƙwaya, kuma ita ce mutane suka fi yi wa rowa. Bindiga jefawa kawai take yi, ƙwaya ce ke taɓa dabba. Mai araha dalma ce a cikin siririyar rigar tagulla. A kan mariya tana aiki, a kan ƙashin gwanki ko ɓauna rigar takan rabu da dalmar, ta bar babban rauni marar zurfi. Waɗanda aka gina don babbar dabba su ne irin Nosler Partition mai katanga a tsakiya da ke riƙe rabin baya, Swift A-Frame da aka manne dalmarta da rigarta, da Barnes TSX wadda tagulla ce zalla. Suna buɗewa su kusa ninka faɗinsu, su riƙe yawancin nauyinsu, su ratsa. Ga ɓauna al'adar ita ce harbin farko da mai buɗewa, na bayansa da daskararriya marar buɗewa, saboda dabbar da ta juya tana gudu sai ƙwaya ta ratsa tsawon jikinta kafin ta kai ƙirji. Sai dai a cikin garke a yi hattara, daskararriya tana fita ta raunata wadda ke baya. Harsashin soja mai cikakkiyar riga da kaifin baki bai dace da farauta ba sam, hudawa yake yi ya wuce ko ya karkace. Ga mai cin nama, tagulla zalla ta fi, domin dalma na barin ɓurɓushi a kewayen rauni. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba ma bukatar dogon bayani. In da dalma aka yi harbi, a yanke naman da ke kewaye da hanyar ƙwaya a zubar.

Ita kanta bindigar, mai sakata, wadda ake ja da hannu a ɗura kowane harsashi, ita ce ta fi dacewa: sassanta kaɗan ne, tana jure ƙura, tana riƙe saiti. Ga ɓauna a nemi mai tsarin Mauser 98, kamar Winchester Model 70 ko CZ 550, wadda babban farcenta ke kama gindin kwanso tun daga fitowarsa daga gidan harsashi har a tofar da shi. Amfaninsa shi ne idan mutum ya ruɗe ya ja sakata rabi ya mayar, harsashi biyu ba za su cushe a lokaci guda ba. Ga mariya da gwanki, irin su Tikka da Howa sun wadatar. Tsawon bututu santimita 56 zuwa 61. Nauyin kunama tsakanin kilo 1.2 da 1.6, wadda ta fi haka tauri tana jan hannu, wadda ta fi haka laushi tana iya tashi da kanta in an yi tuntuɓe. .375 da madubinta kada ta gaza kilo 4.3, domin nauyi ne ke shanye turi. Madubin hange mai ninki 1.5 zuwa 5 ya ishi ɓauna, mai 3 zuwa 9 ya ishi sauran, a kuma riƙa yawo da shi a kan mafi ƙanƙantar lamba. Tazararsa da ido ta kai santimita 9, in ba haka ba bakinsa zai tsaga gira. Yawancin bindigogin da ake cewa sun daina saiti, sukurorin madubi ne suka kwance.

Saiti ana yin sa ne da ainihin harsashin da za a yi farauta da shi, saboda canjin nauyi ko kamfani yana sauya inda ƙwaya ke sauka. A fara daga mita 25 don harbi ya samu takardar da ake nufa, a koma mita 100, a yi harbi uku, a gyara daga tsakiyarsu, a bar bututu ya huce tsakanin rukuni da rukuni. .270 ko .30-06 da aka saita ta sauka santimita 5 sama da maƙasudi a mita 100 za ta faɗa daidai a wajen mita 200, ta yi ƙasa da kusan santimita 20 zuwa 25 a mita 300. .375 ta ɓauna a saita ta daidai a mita 100, tun da harbinta ba ya cika wuce mita 80. Bayan tafiyar jirgi ko mota a sake gwadawa. Wurin nufi kuwa: a bi ƙafar gaba a hau, a tsaya a kashi ɗaya cikin uku na tsayin ƙirji daga ƙasa. Zuciya da huhun namun dajin Afirka a tsakanin kafaɗu suke, wanda ya ja baya da taƙi ɗaya tumbi ya harba. A guji kai da wuya, kuskure kaɗan ne tsakanin ƙwaƙwalwa da karya muƙamuƙi.

Ga Musulmi wannan ba zancen gwaninta kaɗai ba ne. Hadisin Shaddad bin Aus da Muslim ya ruwaito ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har kisa da yanka. A hadisin Adiyyu bin Hatim kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bambanta abin da makami ya huda, wanda ake ci, da abin da ya buge da faɗinsa, wanda ba a ci. A yi bisimilla yayin sakin harbi, in an tarar da dabba da sauran rai a yanka ta. Maharbin da ya san bindigarsa ba za ta kai huhu ba ya kuma harba, ya saɓa wa wannan kyautatawa.

Akwai abin da ya shafi mazauna Legas musamman, wato danshi da iskar gishiri. Bututun da aka ajiye babu mai yana iya yin tsatsa cikin 'yan kwanaki da damina, kuma gindin katako yana kumbura ya danne bututu ya karkatar da saiti. Gindin roba da baƙin ƙarfe marar tsatsa sun fi dacewa da nan. Kada a bar bindiga a cikin jakar soso, ruwa take riƙewa. A sa ta a akwatin ƙarfe mai kulle da buhunan silika masu shan danshi, harsashi a wani wuri daban inda yara ba za su kai ba. Kafin harbi a share man cikin bututu tas, domin mai yana ƙara matsi ya kuma kauce da harbin farko. Harsashin da ya wuni a gaban mota a rana shi ma matsinsa na hawa. Wanda zai fita waje, shawarata ya ari bindigar sansani, ya tambayi kalibarta tun daga gida. In ya dage sai tasa, akwai izinin fitarwa daga nan, akwai fom SAPS 520 na neman izinin shiga da bindiga Afirka ta Kudu, kuma jirage ba sa ɗaukar harsashin da ya wuce kilo 5.

Inda na saɓa da tsarinmu shi ne nan. Rufe ƙofar lasisi bai hana farauta ba, ya dai bar talakan maharbi da mafi munin kayan aiki. Bindigar toka da aka ɗura da guntayen ƙarfe da albarushi ba awo tana fashewa a hannu. Harsashin bindigar tsuntsaye mai manyan ƙwayoyi tara, kowacce milimita 8.4, ba ya da tabbas bayan mita 35, kuma dabbobi da yawa na yawo da su a jiki. Na fahimci tsoron gwamnati, ƙasar da ke fama da 'yan bindiga ba za ta so ƙarin raifil ba. Kuma gaskiya ne ƙwayar raifil tana iya tafiyar fiye da kilomita uku, don haka ba ta da wuri a gonakin Epe, Ikorodu da Badagry inda mutane ke ko'ina. A can ƙwaya ɗaya dunƙulalliya ta bindigar tsuntsaye, mai giram 28, a ƙasa da mita 60, ita ce ta dace da mazo. Amma dokar da aka rubuta kafin samun 'yancin kai, wadda ke auna haɗari da faɗin rami, ta tsufa: ta haramta .30-06 mai sakata ta bar .375 da ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da nake kira a yi shi ne a ware lasisin farauta daban, a ɗaure shi da rajista a ƙarƙashin Sarkin Baka ko ƙungiyar maharba da hukuma ta sani, da jarrabawar harbi a filin 'yan sanda, da duba wurin ajiya. A rubuta mafi ƙarancin ƙarfi ga kowace dabba kamar yadda Namibiya ta yi, a sa lokacin farauta da adadin da kowa zai ɗauka, a kuma ƙayyade harsashin da ake sayar wa mai lasisi, ya dawo da kwanson da ya harba kafin a ba shi sabo. Cibiyar ƙasa mai kula da yaɗuwar ƙananan makamai, wadda dokar 2024 ta ba wa gindin zama, tana iya riƙe wannan rajista tare da 'yan sanda, Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba kuma su tantance mutanensu kafin a miƙa sunaye.